Yadda Na Raka Gwaggo Azumi Gwajin Gani a Bawku

Tun da muka dawo daga Bawku ban huta da tambaya ba. A makaranta abokan aikina su tare ni, a bakin rijiya mata su tare ni, har a gidan suna sai da wata ta ja ni gefe ta ce, "Malama Fati, wai da gaske ne injin Bature ya zuƙe wa gwaggonki gani?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Tun farko dai ku sani, ba mu ga inji ba, ba mu kuma ga Bature ba.

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo Azumi yayar mahaifina ce. Koko da ƙosai take sayarwa a zangon Salaga, amma ba da su aka san ta ba. Da gani aka san ta. In akuyarka ta ɓata, ko 'yan kunnen amarya, sai ka kawo mata wani abu da ya taɓa abin da ya ɓata, igiya ko ɗan akwati. Ta riƙe a hannu, ta rufe ido, ta ce maka je ka duba wuri kaza. Sau da yawa a je a samu. In ba a samu ba kuwa, ba mai komowa ya faɗa mata. Ba ta karɓar komai sai goro. Mahaifina bai taɓa son abin ba, kullum yana cewa gaibu sai Allah. Ita kuma ta ce ai ba ta ce ta san gaibu ba, nuna mata ake yi.

Ɗa guda Allah ya ba ta, Ɗanlami, tela. Ya tafi Legas neman aiki. Shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya kowa ya dawo, wani da katifa a ka, wani da rigar jikinsa kaɗai, shi bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya ce ya ga gawa. Ya bar matarsa Rabi da jinjira a gidan Gwaggo. Shekara bakwai ke nan. Duk ran da dangin Rabi suka zo da maganar a je wurin limam a raba auren, sai Gwaggo ta ɗauko hular Ɗanlami ta riƙe, ta rufe ido, ta ce tana ganinsa da ransa a wani gari mai ruwa, yana taka keken ɗinki, yana nan tafe. Wa zai ƙaryata matar da ta gano masa saniyarsa? Sai su tashi su tafi, Rabi ta ci gaba da zama.

A ƙarshen daminar bana wasiƙa ta zo wa shugaban makarantarmu daga wani malamin jami'a na kudu, Dakta Boateng. Ya ce yana neman masu cewa suna ganin abin da ke ɓoye, domin ya gwada su. Za a fara zama a Yendi, waɗanda aka zaɓa su wuce Bawku, inda wani asibiti ya ara masa ɗakin gwaje-gwaje. Kuɗin mota shi zai biya. Na kawo labarin gida ne don a yi dariya, aka kuwa yi. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba.

Washegari tana juya ƙosai ta ce, "Uwata, za ki kai ni." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Na ce, "Gwaggo, me za ki je nema? Duk Salaga an san ki."

Ta ce, "Mutanen Salaga kunyata suke ji. Ina son wanda ba ya jin kunyata ya gaya mini."

Muka shiga lori mai katako da ke bi ta Bimbilla, mu a sama, doya a ƙasa. Hanya ta jiƙe sharkaf. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a laka, aka ce kowa ya sauka. Da na sauka sai takalmina ɗaya ya nutse, na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba, haka na shiga Yendi da silifas ɗin da wata mai kifi ta ara mini, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya ja.

A nan inda muka kafe direba ya rasa sifanarsa. Ya zazzage akwatin kayan aiki, yana ta zagin duk wanda ya taɓa masa. Wani fasinja ɗan unguwarmu ya ce, "Kai da kake ɗauke da Mma Azumi kake neman abu?" Direba ya zo ya durƙusa, rabi wasa rabi gaske. Gwaggo ko ido ba ta rufe ba, ta ce ya ɗaga kujerarsa. Ya ɗaga, ga sifana. Motar nan ta ɗauki kabbara, wata mata har da guɗa. Ni kaina na ji daɗi, na ce a raina wannan Dakta zai sha mamaki. Da muka koma mazauninmu sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ina kuma direba zai jefa sifana in ba ƙarƙashin kujera ba?" A nan ne na fara gane cewa ba don ta ba Dakta mamaki ta fito ba.

A Yendi mun sauka gidan Afa Alhasan, abokin karatun mahaifina. Afa shi ne malam a bakin Dagomba, mutanen garin. Mu a Salaga muna ganin mun iya gaisuwa, sai da na ga ta Yendi. Matar gidan ta tsuguna, mu ma muka tsuguna, tana jero tambaya muna amsa "naa, naa", har cinyoyina suka fara rawa. Ina miƙewa wata tsohuwa ta shigo, aka sake sabon lale. Aka kawo mana wasawasa, wani abinci baƙi ƙirin da ake yi da garin doya. Na ɗauka ƙonewa ya yi, na ture shi gefe a hankali don kada in kunyata mai girki, ashe haka kamanninsa suke. Da na ɗanɗana da mai da yaji sai na cinye nawa, na haɗa da na Gwaggo, don ita loma biyu ta yi ta wanke hannu.

Afa Alhasan yana jin Hausa, amma irin ta kasuwar Yendi, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da ya ji abin da ya kawo mu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce wa Gwaggo, "Mma Azumi, in ka ci wannan gwaji, mutane za su bar roƙon Allah su bi ka. In ka faɗi, zuciyarka zai karye. Wanne ka zo nema?"

Ta ce, "Afa, akwai yarinya a gidana da ta zauna shekara bakwai a kan maganata."

Ya yi mana addu'a mai tsawo.

Ranar Asabar aka yi zaman farko a wani ajin makaranta. Mutum goma sha wani abu suka zo, akwai mai bugun ƙasa, akwai mai duba da kuɗin wuri, akwai wata mai mafarki. Dakta Boateng gajeren mutum ne mai furfura, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya cinye. Turanci da Twi kaɗai yake ji. Da ya gane ni malamar makaranta ce sai ya roƙe ni in zama tafinta, na yarda ba tare da na yi tunanin abin da zan fassara a ƙarshe ba.

Akwai wani mutumin Kete Krachi da ya burge kowa. A ɗaure masa ido da gyale, a rubuta lamba a takarda, ya karanta tsaf. Sau biyar yana yi ba kuskure. Dakta ya yaba masa, sannan ya ɗauko kwalin sabulu ya ce ko zai yarda a kifa masa a ka maimakon gyalen. Mutumin ya yarda, don ba yadda zai yi a gaban jama'a. Daga nan bai sake karanta ko ɗaya ba. Ashe ta gefen hanci yake leƙowa. Mutane suka fashe da dariya, Dakta ya ɗaga hannu ya hana. Da aka watse mutumin ya dawo, ya riƙe hannun Dakta, ya ce mini, "Malama, gaya masa kada ya rubuta sunana. Da wannan nake ciyar da yara shida." Dakta ya ce ba ya rubuta sunan kowa, lamba yake sa wa mutane. Ya ba shi kuɗin motarsa cif kamar kowa.

Gwaggo ba a gwada ta a ranar ba, tambayoyi kawai ya yi mata. Me take iyawa, ta yaya abin ke zo mata, tun yaushe. Sai ya ce, "Tambaye ta, yaushe ne abin yake ƙin yi?"

Na fassara. Ta dube shi ta ce, "Shekara arba'in ina yi, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya."

Ya ce, "To mene ne amsar?"

Ta ce, "Ban sani ba. Waɗanda bai yi wa ba ba sa dawowa."

Ya rubuta wani abu, ya ce tana cikin mutum huɗun da za su Bawku.

Daga Yendi muka bi ta Gushegu. Motar ta fi ta farko lalacewa, kuma kowane ɗan nisa akwai shingen 'yan sanda, a sauke mu a duba buhuna a mayar. A wani shingen ɗan sanda ya buɗe jakar Gwaggo ya ciro hular Ɗanlami, ya ɗora a kansa yana wasa da abokin aikinsa. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi wa namiji tsawa ba sai ranar. Ya cire da sauri ya miƙa mata da hannu biyu.

A Gambaga motar ta mutu, muka kwana a rumfar wata mai abinci. Da safe muna jiran a gyara sai ga wasu tsofaffin mata sun wuce a jere, kowacce da dammin itace a ka, ba mai magana da su, su ma ba su dubi kowa ba. Mai abincin ta ce ai mayu ne, ko dai waɗanda aka ce mayu ne. Daga ƙauyuka ake koro su, su zo nan su sami mafaka. Na tambaye ta yaya ake gane su. Ta ce wani lokaci yaro ne zai yi zazzaɓi ya ce ya ga wance a mafarki, wani lokaci mai duba ne zai nuna. Na yi mamaki, don a wurinmu tsohuwa mai gani goro ake kai mata, a nan kuwa gani ne ke raba tsohuwa da gidanta. Gwaggo ta bi su da kallo har suka sha kwana. Ta ce, "Su ma wani ne ya rufe ido ya ce ya gani." Kokon da ta saya ta bar shi ya huce a ƙasa.

Bayan Nakpanduri akwai gangaren dutse mai tsawo. Direba ya ce birkinsa ba abin yarda ba ne, duk mai son ransa ya sauka ya taka. Muka taka. Gwiwoyin Gwaggo suka kumbura, na riƙe ta muna tafiya muna hutawa, mu ne na ƙarshe da suka iso ƙasa, fasinjoji suna ta gunaguni.

Bawku garin albasa ne da jakuna. Mun sauka wurin Magajiya Adisa, dillaliyar albasa da Afa ya haɗa mu da ita, a ɗakin da rabinsa buhuna ne. Har yau in na buɗe akwatina warin yana nan. Kowa a garin yana jin Hausa, Kusasi da Mosi da Busanga, amma kowa da irin tasa, sai ka ji jimla ɗaya da yare uku a ciki. Mata suna tuƙa keke da kaya a baya, abin da a Salaga sai a fito kallo. Baƙo kuwa ba ruwa ake fara ba shi ba, zomkom ne, ruwan gero mai yaji da tsami. Magajiya ta yanka mana zabuwa, ta ce wa Gwaggo in ta gama da likita akwai wata 'yar sarƙarta da ta ɓata tun bara. Gwaggo ta ce Allah ya kai mu.

Ɗakin gwajin ɗakuna biyu ne a bayan asibiti, da bango a tsakani. Fari fat, sai warin magani, da firji yana ƙugi, da kwalabe an ture su gefe. Kayan aikin Dakta duka-duka agogo ne da ƙararrawa irin ta makaranta da kati. Katin alama biyar ne: zobe, tauraro, akwati, alamar tarawa, da igiyar ruwa. Wata nas tana ɗaya ɗakin, ta cakuɗa katin, in aka kaɗa ƙararrawa ta ɗaga ɗaya ta dube shi. Wanda ake gwadawa yana wannan ɗakin, sai ya nuna alamar da ya gani a zuciyarsa. Shi kansa Dakta bai san wanne aka ɗaga ba sai an gama an haɗa takardu. Ya ce in ya sani, fuskarsa za ta iya faɗa ba da saninsa ba. Ya kuma bayyana mana cewa ko wanda ba ya ganin komai, in ya yi ta cinka, zai dace sau ɗaya cikin biyar. Don haka yake gwada mutanen da ba su ce suna da komai ba, domin ya kwatanta. Ya gwada mai dafa abincin asibiti, ya gwada mai gadi, ya gwada ni.

Gwaggo ta yi yini guda a kan katin nan. Da yamma ta ce in gaya masa wannan ba aikinta ba ne. "Takardar nan ba ta ɓace wa kowa ba. Ba mai nemanta, ba mai kuka a kanta. Ni abin da ya ɓata nake gani."

Na ɗauka zai yi gardama. Sai ya ce gaskiyarta, ta faɗi yadda take so a yi. Suka zauna ni ina tsakiya suka tsara. Ma'aikatan asibiti za su kawo abin da suke ji da shi, zobe ko mabuɗi ko agogo. Za a ɗaura wa abin zare ya kwana, a kwance zaren a ba ta. A ɗaya ɗakin a kife kwanuka goma, nas ta sa abin a ƙarƙashin ɗaya, ta kulle ƙofa ta bar wurin gaba ɗaya. Gwaggo ta ce sai ta yi alwala, kuma a tabarma za ta zauna ba kujera ba, kuma a kashe firjin nan. Duk ya yarda, har sai da aka kwashe magunguna aka kai wani ɗaki.

Sannan ya ce, "Tambaye ta. In aka yi haka, ko ta ci ko ta faɗi, za ta ce an yi mata adalci?"

Ta ce, "Zan ce." Ta dangwala yatsa a takarda.

Kwana biyu ana yi, sau ashirin. Ina zaune ina kallonta. Ta riƙe zaren, ta rufe ido, goshinta ya yi gumi, leɓɓanta suna motsi, daidai yadda na saba gani tun ina yarinya. Sai ta buɗe ido ta ce, "Na bakwai," ko "Na biyu daga bakin taga," ba ko shakka a muryarta. Ni ma aka ba ni zaren na yi nawa ashirin ɗin, ina faɗin duk lambar da ta zo bakina don in gama in huta.

Rana ta uku da hantsi ya kira mu mu biyu kaɗai. Ya cire tabarau ya goge, ya yi magana mai tsawo a hankali. Ya ce Gwaggo ta dace sau biyu cikin ashirin, daidai abin da cinka ke bayarwa. Mai gadi ma biyu. Ni uku. Ya ce ukun nawa ba ya nufin komai, sa'a ce kawai. Ya ce bai ga alamar yaudara a tare da ita ba ko kaɗan, kuma yana ganin mace ce mai lura da mutane, wadda ta san garinta da halin kowa, shi ya sa take dacewa a gida.

Na juya na ce, "Gwaggo, ya ce wannan karon ganin bai buɗe sosai ba. Wataƙila gajiyar hanya ce."

Ta ce, "Uwata, maganarsa ta fi haka tsawo. Kada ki ci amanata a garin mutane."

Sai na faɗa mata duka, har da ukun nawa. Ta ce a nuna mata waɗanne biyun ne ta dace. Ya nuna mata a takarda, na huɗu da na sha bakwai. Ta tuno su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Gaya masa, biyun nan da sha takwas ɗin nan, duk iri ɗaya na gan su. Sarai na gan su. Ba wanda ya fi wani haske."

Ta buɗe jaka ta ciro hular, ta ajiye a kan teburinsa, ta ba shi labarin Ɗanlami da Rabi tun daga farko. Ina fassarawa ina kallon fuskar Dakta tana sauyawa. Bai san da wannan ba. Da ta gama ya ce da sauri, "Gaya mata gwajina bai san komai game da ɗanta ba. Kwanuka na gwada. Yana iya yiwuwa yana raye."

Ta ce, "Na ji. Shi bai sani ba. Ashe ni ma ban sani ba."

Ya rako mu har bakin ƙofar asibiti yana ɗingishi. Ya ce mini da Turanci da ya san abin da ta ɗauko da bai sa ta a gwajin ba. Ban fassara mata wannan ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Washegari ta ce kafin mu koma in kai ta iyakar Togo, don ta ji an ce wasu daga cikin waɗanda aka koro ta nan suka shigo. Muka shiga wata a-kori-kura, tafiyar ba ta da nisa. Iyakar ba wani abu ba ce, ƙarfe ne aka gitta a hanya da ɗan ofis, ga masu canjin kuɗin sefa a ƙarƙashin bishiya, ga mata da kwanuka a ka suna zagayawa ta bayan ofis ba mai ce musu uffan. Na tsallaka 'yan taku kaɗan in sayo mana burodin nan nasu mai tsawo kamar sanda, sai wani ma'aikacin can ɓangaren ya tare ni da Faransanci yana neman takarda. Da ƙyar wata mai lemo ta fitar da ni, ta ce masa da Hausa ni baƙuwa ce ban san inda ƙasa ta ƙare ba.

A namu ɓangaren akwai wani dattijon ma'aikaci mai jin Hausa. Gwaggo ta gaishe shi ta ce ko suna da littafin waɗanda suka shigo a shekarar korar.

Ya ce, "Mama, wa kike nema? Yaya sunansa?"

Na buɗe baki zan faɗa, don a gidajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin ta kira shi ba, sai dai "yaron nan". Ta ɗora hannu a cinyata ta hana ni.

Ta ce, "Ɗanlami. Ɗanlami Garba. Tela ne. Yana da tabo a gira."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce yana nan a shekarar. Mutane sun shigo kamar fari, dare da rana, ba wanda ya iya rubuta kowa, ɗan abin da aka rubuta ma gara ta cinye. Ya ciro benci ya ajiye mata a inuwa, ya kawo ruwa. Ta zauna tana duban fuskar duk namijin da ya ƙetaro, har aka kira la'asar. Sannan ta ce mu tafi.

Mun dawo ta Zebilla da Bolga da Tamale, kwana biyu a hanya. Magajiya Adisa ta cika mana jaka da albasa, ba ta kuma sake tayar da zancen sarƙarta ba.

Ranar da muka iso, tun ba ta huta ba, ta aika aka kira mahaifina da wan Rabi. Ta ce a je wurin limam a yi abin da shari'a ta ce. Rabi tana wanke-wanke a tsakar gida, tana ji. Na ɗauka za ta yi murna ko ta yi kuka. Ta ɗago ta ce, "Inna, ba kin ce kin gan shi ba?"

Gwaggo ta ce, "Na ce. Ki yafe mini."

Rabi ta mayar da kai ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Bayan sati biyu ta koma gidan iyayenta da 'yarta, inda take zaman idda yanzu. Takan aiko yarinyar ran Juma'a ta gaida kakarta. Ita ba ta zo ba tukuna.

Masu ɓatan kaya ba su daina zuwa ba. Gwaggo takan ba su ƙosai ta ce su je su tambayi maƙwabta. Daga nan ne zancen inji ya samo asali, don mutane sun fi son a ce an ƙwace mata abin da a ce babu shi.

Jiya da hantsi na biya ta wurin sana'arta, ciniki ya lafa, tana kankare kasko. Ta ce in zauna. Sannan ta sa hannu a zaninta ta ciro hular ta ɗora a tafina.

Ta ce, "Ke da kika fi ni da ɗaya. Rufe idonki ki duba mini."

Na ce, "Gwaggo, ai Dakta ya ce sa'a ce kawai."

Ta ce, "Na ji abin da ya ce. Ki dai duba."

Na rufe ido. Na riƙe hular nan da hannu biyu, na daɗe, ina roƙon Allah ya nuna mini ko inuwa ce. Ba abin da na gani sai jan hasken rana ta fatar idona. Na buɗe na ce, "Ban sani ba, Gwaggo."

Ta karɓi hular ta ninke. Ta ce, "Kin ga, ba wuyar faɗa. Da tun shekara bakwai na faɗa wa Rabi haka."